Gashin Kaza a Kowane Kwali

Rawalpindi, farkon Oktoba

Zuwa ga Fufi Sugra,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mutanen Dok Miyani baki ɗaya. Yaya gwiwoyin, yaya kunnen? Mu nan lafiya lau. Matata Mehwish tana da cikin wata shida, nauyinsa ya sa ta gaba, amma likita ta ce babu abin damuwa.

Ko da kin manta, ni ne Mazhar, ɗan marigayi Liyakat, jikan Fazal Dad wanda shi da mahaifinki 'ya'yan wa da ƙane ne, shi ya sa nake ce miki Fufi, wato gwaggo. Ni ne mai kyamara a bikin gidan Haji Sarwar, wanda ya tsayar da ke ƙarƙashin magarya da zakaranki a hammata. Na kira wayar maƙwabciyarki, ta ce ko an kara miki a kunne ba kya ji, shi ya sa na koma takarda. Gulfam direbana yana bi ta mahaɗarku duk mako idan za shi gonata, shi zai riƙa kawowa yana karɓa.

Ki buɗe ƙunshin. Mayafin naki ne. Kwalin kuma ki duba murfinsa da kyau, za ki ga wadda kika sani.

Bari in yi miki bayani. Da can mutum ya shiga kanti ya ce a ba shi ƙwai dozin, magana ta ƙare. Yanzu matan Islamabad sai sun juya kwali sun karanta. Idan an rubuta "sabon ƙwai daga gona", sun gano keji ake nufi. Idan an rubuta "ba na keji ba", sun san rumfa ce rufaffiya da kaji dubbai a ƙasa. Abin da suke nema shi ne "kajin ƙauye masu yawo a sake", shi kam suna biyan ninki ba ciniki. Wata ta taɓa tsare ni tana tambaya ko kajina suna cikin farin ciki. Ma'aikatana ba wanda ya taɓa tambayarsu haka.

Kalmomin kowa na iya bugawa, ni dai ban taɓa ganin wanda ya zo ya auna su ba. Abin da sauran ba su da shi shi ne fuska irin taki. Tun da na sa hoton, wani babban kanti ya ba ni kanta guda ni kaɗai. Sunan danginmu ya shiga inda bai taɓa shiga ba, kuma ta dalilinki.

Ɗanki,
Mazhar

Dok Miyani, tsakiyar Oktoba

Ɗana Mazhar,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya gwargwadon shekaru. Gwiwoyi suna aikinsu idan an lallashe su. Kunnen dama ya yi ritaya tare da ni, na hagu yana ji idan an ɗaga murya. Allah ya sauki Mehwish lafiya. Ga gyaɗar bana na ba Gulfam, ta ci kaɗan kaɗan.

Na gane ka. Kamannin Liyakat gare ka, har da yadda yake fara roƙo da kyauta.

Na yi shekaru ina duba rubutun 'yan mata a makaranta, saboda haka kwalinka ma na duba shi. Ƙwayayen duka girmansu ɗaya, kamar an yanka su da ma'auni. Nawa kuwa ko na kaza ɗaya ba sa zuwa iri ɗaya. Gwaiduwar ja ce kamar lalle, a watan da babu ɗanyen ganye ko ɗaya a ƙasar nan. Gashin kazar da na tarar a ciki da almakashi aka gyara shi. Ɗan dattin da ke jikin kowane ƙwai kuma a wuri ɗaya yake, har da shatin babban yatsa. Kaza ba ta da babban yatsa, ɗana.

Kajina ba su kai ashirin ba. Da sanyi rabinsu ma hutu suke. Ban san yadda suke ciyar da Islamabad ba tare da na sani ba.

Gulfam bai iya riƙe baki ba, kafin ya iso ƙofata rabin ƙauye sun ga kwalin. Da na je tanderu gasa gurasa, Mukhtaran maƙwabciyata ta kawo bakinta kunnena ta ce, "Malama, ashe har birni kike kwanci yanzu? A ajiye mana tsako ɗaya mai jin Turanci." Dariya aka yi, ni ma na yi. Haji Sarwar, wan mijina, bai yi ba. Ya ce fuskar matar ƙanensa marigayi tana yawo hannun masu kanti.

Ka san Haji ya daɗe yana auna tsakar gidan nan da ido, yana so ya gina wa ɗansa. Ba ni da ɗa namiji da zai tsaya masa. Abin da ya tsare ni kaji ne. Kazar farko a kwando na zo da ita ranar da aka kawo ni, daga akurkin uwata. Tun daga nan duk matar da kazarta ta fara kwanci, nan take zuwa da kwanon alkama ta karɓi ƙwan iri. Zakaran da ka ɗauka a hoto sunansa Patwari, sunan ma'aikacin awon filaye, don ba gidan da bai shiga ya auna ba. Ranar da Haji ya fara maganar gini, matarsa ce ta fara yi masa ca.

Saboda haka ka cire hotona. Ba faɗa nake ba, roƙo nake. Kai kanka kuwa gidana gidanka ne, ƙofa a buɗe take duk ranar da ka ga dama.

Fufinka,
Sugra

Rawalpindi, farkon Nuwamba

Fufi,

Gaisuwa mai yawa. Gyaɗa ta iso, Mehwish ta gode. Ƙafafunta sun fara kumbura, ban da wannan lafiya.

Na karanta wa Mehwish maganar babban yatsa, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Na sa ma'aikatan su riƙa canza wa dattin wuri. Zancen hoto za mu yi shi idan na zo, kwalayen an riga an buga su da yawa.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne layinki na ƙarshe, inda kika ce gidanki gidana ne. Kamar kin san halin da nake ciki. Begum Nilofar, wadda ke zaɓar wa kantin kaya, ta ce sai ta ga gonar da idonta kafin ta sabunta yarjejeniya. Za ta zo da wata yarinya mai rubutu a mujalla. Gonata ta kan hanyar Chakri ba wurin kai mata ba ce, ke ma kin san haka.

Za mu zo ranar Lahadin ƙarshen wata. Gulfam zai riga mu da safe da kaji kaɗan daga wurina, jajaye, waɗanda suka fi kyan gani, don tsakar gidan ta cika ido. Wuni ɗaya ne kawai, kafin magariba an kwashe su. Ke dai ki sa mayafin nan, ki yi gurasar masara da miyar ganye. Irin abin da suke so ke nan.

Ɗanki,
Mazhar

Dok Miyani, tsakiyar Nuwamba

Ɗana,

Lafiya nake, ina fata ku ma haka. Gulfam bai biyo ba makon nan, saboda haka na ba mai madara wannan ya jefa a gidan waya na Talagang.

Kai na ce gidana gidanka ne. Ban ce kajinka ba. Baƙuwar kaza ba ta shiga cikin nawa sai ta daɗe a keɓe a bayan gida, da kaskon ruwanta daban. Haka uwata ta yi, haka nake yi, ko da kuwa daga gidan Mukhtaran ta fito. Ka kawo baƙinka, zan ciyar da su, su ga kajin da nake da su. Kada ka kawo ko ɗaya daga gonarka. Na rubuta shi a fili don kada ka sake karanta abin da ban ce ba.

Sugra

Dok Miyani, farkon Disamba

Mazhar,

Ina fata kun isa gida lafiya, kai da baƙinka. Ni gwiwa ta kumbura saboda tsayuwar ranar, yanzu ta sauka.

Ka iso tare da matan, ba ka ga safiyar ba. Bari in ba ka labarinta, tunda kajinka ne.

Ina gasa gurasa na juyo na ga mota a ƙofa, mutanenka biyu suna zazzage akwatuna. Na ce su tsaya. Gulfam ya ɗaga kafaɗa ya yi min ihu a kunne, "Fufi, ni aike ne." Kafin in sa takalmi sun juye fiye da ɗari.

Inda aka ajiye kowace, nan ta tsaya. Ga fili, ga rana, ga ƙasa, ba wadda ta taka. Faratansu sun yi tsawo sun lanƙwashe, irin na ƙafar da waya kaɗai ta sani. Wuyansu a saɓule, bakinsu a gutsure. Na watsa musu tsaba don tausayi, suna sara ƙasa tsabar na zamewa. Ruwa kuwa sun gane shi. Suka yi layi a kaskon kajina.

Can sai shirwa ta gifta. Patwari ya yi kukan da yake yi, nawa suka ɓace ƙarƙashin gadon igiya. Naka ba su taɓa jin wannan kukan ba. Suka kwasa gaba ɗaya zuwa kusurwar katanga, wata kan wata. Da aka janye na sama, na ƙasa sun mutu. Mutanenka suka cusa su a buhu suka tura ƙarƙashin gado. A kan gadon nan Begum ɗinka ta zauna ta ci gurasa. Sauran kuma ɗaukar su aka riƙa yi ɗaya ɗaya ana ajiyewa nan da can, kamar ana jera tukwane.

Abin da ban ji ba na hirarku, Mukhtaran ta ji min daga kan katanga. Begum ta ce, "Dubi yadda suke a natse. Kazar da hankalinta ke kwance ba ta gudun mutane." Ta tambayi wuyansu, ka ce lokacin zubar gashi ne. Ta tambayi bakinsu, ka ce, "Tono ne ya cinye, ƙasar nan duk duwatsu ce." Yarinyar mujalla ta durƙusa gabana ta ce, "Kaka, me kike ba su?" Ka ce, "Ba ta ji, ni zan amsa. Hatsi ne da ƙauna."

Ita wannan na ji ta. Ta wajen kunnen hagu aka yi maganar.

Ka san dalilin da na yi shiru, don kai ka kawo shi. Ka ja ni bayan ɗaki ka dafa gwiwata ka ce Mehwish na da ciki, idan kantin ya sallame ka gidan haya ma ba za ka riƙe ba. Kuma baƙi ne a gidana, suna cin abincina. Ban iya kunyata mutum da gurasata a hannunsa ba.

Da aka zo kwashewa, mutanenka sun bar guda biyar da suka ga ba za su kai gona ba. Gulfam ya ce kyauta ce daga gare ka. Na keɓe su a bayan gida, na ƙona kaskon da tafasasshen ruwa. Ban sani ba ko na makara.

Ka gaya min ko takardata ta Talagang ta same ka.

Sugra

Dok Miyani, ƙarshen Disamba

Mazhar,

Gulfam ya wuce ta mahaɗa har sau nawa ban sani ba, bai tsaya ba. Ina fata lafiya ce ta hana ka amsa. Ni lafiyata ƙalau, kuma ban ga amfaninta ba.

Ciwo ya shiga kajina. Wata wake-wake mai yawan kwanci ce ta fara. Ta zauna ta buɗe baki tana jan numfashi, kashinta kore. Washegari uku. Waɗanda ba su mutu da wuri ba wuyansu ya murɗe, kai ya koma ƙasa, ido na kallon sama, suna ja da baya suna zagaye wuri ɗaya. Ranikhet ce, annobar kaji, ba sai an faɗa wa kowa ba. Na taɓa ganinta ina yarinya.

Kafin in ɗaure Patwari ya riga ya gama zagayensa na kullum. Gidan Mukhtaran, gidan Haji, gidan maƙera, har unguwar bayan masallaci. Shi ya fi daɗewa. Da ya kasa tsayuwa yana ta ƙoƙarin cara da asuba, kansa a juye. Ni na gama masa da hannuna.

Yanzu babu cara a Dok Miyani. Ni ban ji bambanci ba, amma an ce yara sun daina tashi a kan lokaci.

Likitan dabbobi ya zo daga Talagang bayan an gama. Ya ga jajayenka biyar suna cin dusa lafiyarsu lau. Ya ce irin waɗannan an yi musu rigakafi tun suna 'yan tsaki, suna iya ɗauke da ciwon su ba wasu, su bai kayar da su ba. A gaban mutane ya faɗa.

Jiya na je tanderu. Da na ajiye kwanona, matan suka janye nasu. Mukhtaran ba ta ma zo kusa da kunnena ba, daga inda take ta ɗaga murya don kowa ya ji: "Ke kin sayar da fuskarki kin karɓa. Mu me muka sayar da aka kashe mana kaji?" Matar ɗanta na da tsohon ciki, ita take tara wa ƙwan kajin nan. Matar Haji ta kau da kai. Da yamma na ga ɗansa yana taka tsawon katangata daga waje.

Ba diyya nake nema ba, kada ka aiko min da komai. Abu ɗaya nake so. Ka zo ranar Juma'a, bayan an sauko, ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce ban gayyaci kajinka ba, na hana a rubuce, kuma ba a biya ni ba. Maganar ba za ta kai tsawon shan shayi ba. Ni na yi maka shiru wuni guda.

Sugra

Rawalpindi, tsakiyar Janairu

Fufi,

Albishirinki. Mehwish ta sauka, namiji, mun sa masa Liyakat. Ta sha wuya, ta zubar da jini, amma yanzu tana zama. Hidimar asibiti ce ta hana ni amsa.

Na yi baƙin cikin kajinki ƙwarai. Takardarki ta Talagang sai bayan mun dawo na gan ta a ofis, kin san gidan waya. Amma Fufi, mu yi adalci. Ranikhet duk sanyi sai ta zaga, ko an kai kaji ko ba a kai ba. Tantabaru ma suna kawo ta. Likitan gwamnati kuma dole ya faɗi wani abu don a ga ya zo.

Na gane abin da ke ƙarƙashin maganarki. Mutanenmu idan suka ce ba sa neman komai, an san me ake nufi. Kada ki ji kunya. Da bazara zan sauke tsofaffin kaji, zan aiko miki da ko nawa kike so, ki raba wa maƙwabta su huce.

Zuwa ƙofar masallaci kuwa ba zai yiwu ba. Yau kowa da waya a aljihu. Abin da na faɗa da azahar, kafin la'asar yana hannun Begum. Ga shafin mujallar na saka miki. Patwari ya fito da kyau, kusan rabin shafi.

Yanzu ga roƙona. Surukata ta tare a gidanmu don jego. Ta ce mai jego irin Mehwish sai ƙwan ƙauye na gaske, a soya da man shanu kowace safiya. Nawa ta hana a shigo da su kicin, ɗanta ya taɓa kai ta gonar. Ni ma ban ja ba. Na kasuwa kuma ba abin yarda ba ne, kin fi kowa sani. Ke kaɗai na yarda da ke. Ki nemo min ko dozin ɗaya ne, a gidanki ko a maƙwabta. Ko jajayen nan, ai yanzu sun zama na ƙauye.

Ɗanki,
Mazhar

Dok Miyani, ƙarshen Janairu

Mazhar,

Allah ya raya Liyakat, ya ba uwarsa lafiya. Ita ba ta yi min komai ba. Ni ina nan.

Ka tambayi jajayen. Sun fara zama kaji. Gashi ya fara tsiro musu a wuya. Na yanke musu farata, na riƙa jiƙa musu dusa saboda bakin. Wata rana na tarar da ɗaya kwance a rana, fiffike a miƙe, ƙafa a miƙe. Na ɗauka mutuwa ce. Ashe wankan ƙasa ta gano. Sauran suka tsaya suna kallonta, washegari biyu suka gwada. Ƙarama a cikinsu har ta tono tsutsa, ta tsaya a kanta ba ta san abin yi ba.

Ranar Juma'ar da na jira ka, an yi magana a ƙofar masallaci, sai dai ba taka ba. Haji ya ce muddin jajayen na numfashi ba wanda zai iya kawo sabuwar kaza ƙauyen nan. Aka yarda. Ba wanda zai ci namansu, saboda haka ba wanda ya ga dalilin ɓata wuƙa. Suka haƙa rami a bayan katanga. Mukhtaran ce ta riƙe bakin buhun, ta ce min, "Malama, ke za ki saka ko mu?" Ni na saka. Ba su yi ƙara ba, ba su yi fiffika ba. Sun saba a cusa su a ƙunci.

To babu kaza a gidana, babu a maƙwabta, babu a ƙauyen.

Amma ka roƙa don mai jego, ba zan mayar da Gulfam hannu wofi ba. Na taka zuwa shagon mahaɗa, na sayi ƙwan keji, mafi araha, wanda ke jere a rana kusa da man inji. Na zaɓi jajaye, manya da ƙanana a gauraye. Na kwaɓa laka da ɗan ƙaiƙayi na shafa musu, kowanne a wurinsa daban, da tsinke ba da yatsa ba. Na jera su a kwalin da ka aiko min, mai fuskata. Gashin da ke sama na wutsiyar Patwari ne, ban sa masa almakashi ba.

Na faɗa maka don kada ka ce na yaudare ka. Abin da za ka faɗa wa matarka da uwarta, tsakaninku ne.

Ɗan Haji ya sauke bulo a ƙofata.

Sugra

Rawalpindi, farkon Fabrairu

Fufi,

Muna lafiya. Yaro yana ƙiba, Mehwish ta fara zagaya gida.

Gulfam ya miƙa kwalin hannun surukata kafin in dawo daga aiki. Na tarar ta ɗaga ƙwai ɗaya a hasken taga tana nuna wa Mehwish. Ta ce, "Kin gani? Wannan shi ne ƙwai. Ba irin na mijinki ba." Ta ce rabonta da wannan ɗanɗano tun gidan kakarta. Mehwish ta ci biyu ta ce ta ji ƙarfi a ƙafafunta. Sai bayan sallar isha na buɗe takardarki. Na karanta, na sake karantawa, ban ga abin da zan gyara musu ba.

Fufi, hannunki ya fi na ma'aikatana nesa ba kusa ba. Matar da ta ga gonata da idonta kika ciyar, ta yi godiya.

Ga shawara. Begum tana son sabon layi a murfi: "An shirya shi a ƙauye, da hannun Fufi." Gulfam zai riƙa sauke miki ƙwai da kwalaye idan ya fito daga gona, ya ɗauka idan zai dawo. Wannan layin kam ba ƙarya ba ne, ke da kike son gaskiya. Na yi waya da Haji. Na ɗauki ɗansa aikin lodi, shi kuma ya yarda muddin aikina na tafiya a tsakar gidan, bulo zai tsaya a waje. Idan kin ƙi, ba ni da abin da zan ce masa.

Ki ware mana dozin ɗaya duk mako, irin na wancan karon.

Ɗanki,
Mazhar

Dok Miyani, Fabrairu

Mazhar,

Na ji daɗi da mai jego ta samu ƙarfi. Gwiwoyina da sauƙi, zama ba ya damunsu.

Na share akurkin, kwalaye za su shiga. Ka ce wa Gulfam ya riƙa zuwa lokacin da mata ke tanderu, ni ba na zuwa can yanzu.

Ka aiko da ƙwan da kwalayen. Gashi kada ka aiko. Har yanzu iska tana tara min shi a gindin magarya, na gidaje da yawa, kowane launi akwai.

Sugra